Kumburin Hannun Yayana

Yayana ya shafe shekaru yana sayar da shayi a bakin titin da ya fita daga Sabo zuwa Mokola a Ibadan. Da wannan teburin shayi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, da shi kuma ya kai ni jami'a. 'Yan canji da direbobi da Yarabawa ma'aikatan ofis duk a bencinsa suke karyawa.

Wata shekara ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa kusa da masallaci don gwajin tarin fuka. Allura ce ƙarama a fatar hannu, sai mutum ya dawo bayan kwana biyu ko uku a duba ko wurin ya kumbura. Ranar dubawa layi ya yi tsawo, ba labule, ba ɗaki. Da aka zo kan Yaya, ma'aikaciyar ta auna kumburin, ta juya ga abokiyar aikinta ta ce da Yarabanci, "Wannan baban sai an ɗauki hoton ƙirjinsa, kada ya zama tarin ne." Ta zaci ta sakaya zancen. Ta manta cewa mu haihuwar Ibadan ne, babu wanda bai ji ta ba a layin nan.

Washegari bencin ya yi fili. Wani ɗan canji da ya saba zama tun asuba ya tsaya daga nesa yana gaisuwa.

"Alhaji, ƙaraso mana, ruwa ya tafasa," in ji Yaya.

"Wallahi yau azumi nake, mai shayi."

"Azumi ranar Talata? To, Allah ya karɓa. Ka dai goge man ƙosan da ke bakinka."

Aka yi dariya, amma bai zauna ba.

Na raka Yaya asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina, ba a sami komai ba. Likitan ya sa ya naɗe hannun riga, ya nuna tabon lambar da aka yi masa yana firamare, ya ce wannan rigakafi na yarinta kan sa fata ta kumbura a irin gwajin nan ko da mutum lafiyarsa ƙalau, kuma mai yiwuwa abin da ya faru ke nan. Ya ce ko ma mene ne, Yaya ba ya ɗauke da cutar da zai shafa wa kowa.

Na ɗauki wannan bayani majalisa majalisa, na faɗe shi da Hausa, na faɗe shi da Yarabanci. Wani dattijo abokin mahaifinmu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, da bakinka ka ce mai yiwuwa. Ni jikoki gare ni a gida." Har yau ina tambayar kaina ko akwai yadda za a faɗi gaskiyar likita ba tare da wannan kalma ba, kuma ban samo ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yawancin masu gudunsa suna da tabo iri ɗaya a damtsensu, sun dai ƙi zuwa rumfar ne kawai. Wanda ya je shi ya sha kunya.

Yaya ya jure har damina ta wuce. Ya sayi kofunan roba na sha ka yar, ya riƙa tafasa cokula a idon jama'a. Baƙi masu wucewa ne kaɗai ke tsayawa, burodi yana bushewa a kan tebur.

Wata safiya na tarar da shi yana ɗaure bencin a bayan amalanke. Ya ce wani dillalin albasa a kasuwar Bodija zai ba shi aikin tsaron rumfa.

"Yaya, ka ƙara haƙuri, za su dawo."

"Malam," ya ce, haka yake kirana tun da na gama jami'a, "ko sun dawo ba zan iya zuba musu ba. Riƙe mini ƙafar teburin nan."

Na riƙe, muka ɗora.