Ranar da Inna Ta Koma Bayan Birai

Aikin ido ne ya kawo Inna Yamai, ni kuwa na ƙudura a raina ba za ta koma ba. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a ƙauyenmu, can kudancin Maradi, daga ita sai awakinta da 'yar gonar gyaɗa. Ni ne babban ɗa, na gina gida a unguwar Koira Kano, nan Yamai, har na ware mata ɗaki mai kilim na sanyaya iska da makewayi a ciki. Ido ya warke sarai. Amma duk sanda ta ɗauko zancen tafiya sai in ce a bari zafi ya wuce. Da zafi ya wuce na ce a bari yara su samu hutu.

Matata ma ta yi iya ƙoƙarinta. In Inna ta ɗauki tsintsiya sai ta karɓe, in ta nufi madafa sai ta tare ta da “Inna, ki huta.” Maƙwabtanmu Zabarmawa ne masu kirki, sai dai bayan gaisuwarsu ta “fofo” Inna ba ta da sauran abin ce musu, kuma kowa yana bayan katangarsa. Ni dai a ganina ta samu duniya.

Wata Lahadi bayan azahar yara suka kunna wani fim na Faransanci a tele. Inna ba ta kallo, ta ce aikin marasa gona ne. Ta dai zauna gefe da faifan zogale tana tsinka, don shi kaɗai ne aikin da ta ƙwato da ƙarfi. Can ta ɗaga kai.

“Kai ɗan nan, wancan biri ne da riga?”

Na ce biri ne. Sai ta jawo kujera.

Tsakanin Inna da biri akwai tsohuwar gaba. Ƙuruciyarta kaf a tsaron gona ta ƙare, tana kaɗa gwangwani tana jifa, jan biri na yi mata gwalo daga kan tsamiya. Nan take aka naɗa ni tafinta. Na bayyana mata cewa wasu masana ne suka kamo birai daga daji, suka yi ta ɗura musu maganin ƙwaƙwalwa har suka iya magana da lissafi, suka ajiye su a wani ƙaton gidan gilashi. Yanzu kuma biran sun yi bore, sun ƙwace makullai, sun kulle masanan.

“Allah shi ƙara!” in ji Inna. “Wa ya aike su? Biri da jahilcinshi ma ya hana mu sakat, balle an kai shi lakwal ya yi karatu.”

Da sojoji suka iso ta ajiye faifai, ta shiga ba su umarni. Ga wani can bayan mota, ga wani bisa rufi, ku harbe shi! Yara suna ta birgima don dariya. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka a gidan har na manta, na ji daɗi ƙwarai.

Shugabar biran wata tsohuwa ce mai furfura a haɓa. Babban masanin ya fito neman sulhu, ya tsaya gabanta yana ta zuba.

“Mi shika cewa?”

“Yana tambayarta abin da suka rasa. Ya ce an ba su abinci, an ba su magani, ga gado mai laushi, ga sanyi, babu mai sa su wahala.”

Na fassara da ƙwazo, har da ɗaga hannu irin nasa. Ban kai ƙarshe ba na ji bakina ya yi nauyi, don kalmomin ba baƙi ba ne a harshena. Matata ta tashi wai za ta duba tukunya.

“Ita hwa, mi ta ce?” in ji Inna, tana nuna shugabar biran.

Na so in ce ban ji da kyau ba, amma 'yata ta riga ni. “Kaka, ta ce ba su rasa komai ba. Gida kawai suke so.”

Inna ta tsura wa tsohuwar ido, da sabon idonta da na yi ta alfahari da shi. Da biran suka ƙwace manyan motoci suka nufi daji, sai ga Inna ta sauya sheƙa ba ko kunya. Tana gaya wa direban ya taka, tana tsine wa sojojin da ta gama yi wa kirari.

“Kaka, ba ke kika ce a harbe su ba?”

“Rufe mini baki, kishiyar banza. Ban san tsare su anka yi ba.”

Fim ya ƙare, yara suka watse. Ta ɗauki faifanta ta ƙarasa tsinka, ta kaɗe zaninta, sannan ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

“Wace rana motar Maradi ka tashi?”

“Kullum, Inna.”

“Kullum?” Sai a lokacin ta dube ni. “To.”

Kunya ta rufe ni, ban sake kawo zancen zafi ko hutu ba.

A tasha, kafin in gama sa a ɗaure kayanta, har ta samu wasu mata 'yan wajenmu, suna ta hirar damina da tsadar dusa, tana dariya har da tafa hannu. Na tsaya bakin taga ina jira ta ce za ta yi kewarmu, raina duk a jagule. Ta leƙo, ta sa mini albarka, ta ce in gaida yara.

“Tahi abinka, kar ka makara wurin aiki,” in ji ta, ta juya ta ci gaba da hirarta.