Yadda Na Kai Zumuntar Mata Wasan Ƙarshe

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na ɗauki tafiya biyu a mota ɗaya ba. Lokacin ina babban direba a wata kwaleji a nan Kafanchan, ni ke riƙe da kosta, wato babbar bas, motar da ta fi kowace lafiya a garejinmu.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, direban ma'aikata ba ya tayar da mota don ransa ya so. Sai jami'in sufuri ya sa hannu a takardar izinin fita, wadda ke nuna inda za a je da wanda ya nemi motar. Namu jami'in shi ne Oga Emeka, ɗan gidan ma'aikatan reluwe, haifaffen garin nan, mutum mai tsoron manya.

A shekarar 'yan ƙwallonmu sun ba kowa mamaki. A da in muka fita wasa, shiru muke dawowa kamar daga jana'iza. Amma da aka kawo Koci Bitrus, yaran suka yi ta cin wasa har suka kai na ƙarshe a gasar kwalejojin yankin, wanda za a buga a Zonkwa ƙarfe goma na safe. Ƙa'ida kuwa, wanda bai iso kan lokaci ba, an cinye shi ke nan.

Ranar Juma'a Oga Emeka ya kira ni yana ta share gumi. Ya ce rajistara, wato magatakardan kwaleji, zai aurar da 'yarsa gobe a wani ƙauye gaba da Zonkwa, kuma yana son kosta ta kai zumuntar matan cocinsu. Na tambaye shi yaran fa? Ya ce su nemi ta haya. Na san babu mai ba su mota a wannan ƙurarren lokaci.

Na karanta takardar sau biyu. Ta faɗi ƙauyen, ta faɗi zumuntar mata. Ba ta ce kada kowa ya raɓe su ba. Sai na aika wa koci cewa su tsaya a bakin hanya bayan kasuwa, kowa da takalminsa a hannu.

Da safe mata suka shiga da anko, da ganguna, da tulun kiɗa, da kulolin shinkafa. Da muka iso inda yaran suke, na taka burki na juya wurin shugabarsu.

"Mama Saratu, ga marayun Allah a hanya. Mu wuce su?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Baba Yohanna, marayu da riga iri ɗaya? To, su shiga. Amma duk wanda ya taɓa kula, zan san shi."

Haka suka cusu, wasu a ƙasa, mai tsaron gida rungume da tulu.

A Zonkwa na sauke su daidai bakin fili. Niyyata in ga an fara wasa kawai, don haka na buɗe injin na ce ya yi zafi, sai ya huce. Injin kuwa lafiyarsa lau. Matan suka sauko miƙe ƙafa. Nan ne magoya bayan ɗaya ƙungiyar suka fara tsiya, wai mun zo da iyayenmu mata don su share mana hawaye. Mama Saratu ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ce a sauko da ganguna.

Ban taɓa jin waƙoƙin coci sun yi irin wannan aiki ba. An fara zura mana ɗaya, suka ƙara murya. Kafin hutun rabin lokaci muka rama. Na duba agogo, na je na ce wa Mama injin ya huce, mu kama hanya.

"Bai huce ba," in ji ta. "Koma ka duba shi da kyau."

Saura kaɗan a tashi yaranmu suka ci na biyu. Wata dattijuwa da ke tafiya da sanda ta shiga fili da rawa, alƙalin wasa ya rasa yadda zai yi da ita.

Da muka isa ƙauyen, har da yaran da kofin da suka ci, muka tarar amarya ta fi awa guda tana jira a mota, don ta ce ba za ta shiga coci babu zumunta ba. Matan suka shige da waƙa, yaran na biye da kofi a sama. Jama'a suka ɗauka tsarin bikin ne, suka yi ta tafi. Rajistara kaɗai ne bai tafa ba.

Ranar Litinin takardar tuhuma ta same ni, in yi bayani a rubuce kafin a tashi aiki. Oga Emeka ya ce shi bai san komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Na rubuta abin da ya faru duka, har da ƙaryar injin. Shugaban kwaleji ya kira ni ofis, kofin na kan teburinsa. Ya karanta yana danne dariya, ya ba ni gargaɗi na baki, sannan ya ce daga yau ranar wasa kosta ta 'yan ƙwallo ce. Rajistara ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Ku ƙananan direbobi, ba na ce ku yi abin da na yi ba, don ba kowane shugaba ke da dariya ba. Abin da na koya shi ne, in ka yi dabara a bakin aiki aka tambaye ka, faɗi gaskiya tun kafin wani ya faɗe ta a madadinka. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai wayo a cikin motar. Fasinja na ganin komai, shiru kawai yake yi in tafiyar ta yi masa daɗi.