Rasuwar Malam Sha'aibu, Manomin da Ya Gyara Mana Bincike

Ranar Litinin, 12 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, ina tsakiyar duba marasa lafiya, Habu Haladu ya kira ni a waya ya ce yayansa Malam Sha'aibu ya cika. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma. Ya rasu a gidansa, a ƙauyensu da ke gefen dam ɗin Tiga cikin ƙaramar hukumar Bebeji, yana da shekara hamsin da biyu. Sankarar fata ce ajalinsa.

Ni likitan fata ne a wani asibiti a birnin Kano. Shekara goma sha ɗaya muka yi da marigayin muna bincike kan wannan cuta tsakanin zabiyoyin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Shi kansa zabiya ne, manomin rani, karatun allo kawai ya yi. Yana goye aka taso da iyayensa daga tsohon garinsu lokacin da ruwan Tiga ya cinye shi, ya tashi a sabon matsuguni inda babu manyan itatuwa, sai fili da rana.

A shekarar 2014 ya fara zuwa wurina da gyambo a saman kunnen hagu, wanda ya shekara biyu bai warke ba. An sa masa garin magani iri-iri, an yi masa turare. Muka yanki ɗan nama muka kai ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya nuna sankara ce. Da na gaya masa bai firgita ba. Ya ce yayarsa Delu, ita ma zabiya, irin wannan gyambon ne ya cinye mata hanci da kunci har ta rasu ba ta kai talatin ba, mutanen gari kuma suka ce jifa ne.

"Likita, mene ne yake kawo shi?"

Na ce rana ce.

"Ranar da kowa yake sha?"

Na yi masa bayani cewa a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda yake ratsa fata yana lalata ƙwayoyinta kaɗan kaɗan. Baƙin da ke jikin fatarmu shi ne yake tare yawancinsa. Zabiya ba shi da wannan kariya, don haka ɓarnar takan taru shekara da shekaru, ta fara da tabo mai kaushi, daga nan wani ya rikiɗe ya zama sankara. Sai ya ce, "Ashe babu wanda ya jefi Delu."

Mun yanke masa rabin kunnen, ya warke. Ranar sallama na miƙa masa takardar shawarwarin da muke ba kowane zabiya. Ya kai ta dab da hancinsa, don idon zabiya ba ya gani sosai, sannan ya ce in karanta masa. Na karanta: kada ya shiga rana daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe huɗu, ya riƙa shafa man tare rana duk bayan awa biyu.

"Allah ya ba ka nasara, wanda ya rubuta wannan ya taɓa ban ruwa?"

Ya tambaye ni zabiyoyi nawa nake dubawa, na ce waɗanda suka zo asibiti. Ya ce ai waɗannan sun riga sun makara, shi ya san aƙalla arba'in da likita bai taɓa ganin fatarsu ba, in ina so zai kai ni. Daga wannan magana binciken namu ya fita daga asibiti ya shiga ƙauyuka.

Duk Asabar ɗin farkon wata nakan fito daga Kano da ma'aikatan jinya biyu. Kafin mu zo shi ya riga ya zaga. Ba ya iya tuƙa babur saboda idonsa, Habu ne yake goya shi. Yakan zauna a kasuwar Tudun Wada yana tambayar masu kawo hatsi da dabbobi ko akwai zabiya a garinsu, ya bi sunan mutum har gida, ya gaida mai unguwa, ya gaida maigida, ya sha ruwa, sai a ziyara ta biyu ko ta uku ya kawo maganar likita. Cikin shekara uku ya haɗa mu da mutum ɗari da tamanin da wani abu, daga Ɗansoshiya har cikin duwatsun Doguwa. Muna duba fatarsu daga kai zuwa ƙafa, muna ɗaukar hoto, tabon da bai kai ga zama sankara ba mu daskarar da shi da wani ruwa mai tsananin sanyi ya bushe ya faɗi.

Takardar tambayoyinmu ita ce abu na farko da ya gyara. Mun rubuta, "Awa nawa kake yi a rana kullum?" Kowa sai ya ce biyu ko uku, don ya sallame mu. Malam Sha'aibu ya ce manomi ba ya auna wuni da awa, a tambaye shi daga wace salla zuwa wace salla yake gona. Da muka canza tambayar, sai ga shi mafi yawansu daga bayan asuba har azahar suke waje, wasu har la'asar. Duk abin da muka tattara a wata shida na farko sai da muka zubar muka sake.

A Bagauda mun ga masunta uku da tabo a ƙarƙashin haɓa, wurin da ban zaci rana tana kaiwa ba. Malam Sha'aibu ne ya ce mini in shiga kwale-kwale da tsakar rana in ji inda fuskata za ta yi zafi. Na shiga da ɗan injin da muke auna hasken da shi. Ruwa yana mayar da wani ɓangare na hasken sama, abin da yake rubuce a littattafanmu tuntuni, amma ban taɓa haɗa shi da haɓar masunci ba.

Sai maganar malafa. Man tare rana ba ya samuwa a ƙauye, kuma gumi yana wanke shi, don haka muka koma raba malafar kaba. Bayan damina ɗaya Malam Sha'aibu ya zo mini da guda a hannu, ya ɗaga ta sama a ƙofar asibitin Kiru, ya ce in dubi ƙasa. Inuwarta cike take da ɗigon haske. Ya ce saƙar kasuwa ce, an yi ta don ta sha iska. Ya samo masaƙa biyu suka yi masa iri biyar, wata mai matsattsiyar saƙa, wata da shafin baƙin yadi a ciki, wata da kyalle a baya mai rufe ƙeya da kunnuwa. Muka auna kowacce da injin. Mai shafi da kyalle ta fi tare hasken nesa ba kusa ba, ita muka riƙe. Ya kuma bi shugabannin manoman rani ɗaya bayan ɗaya har suka yarda, in ana rabon ruwa, a ba zabiya layin farko da sassafe ko na ƙarshe da yamma.

Ba zan faɗi fiye da abin da muka gani ba. Yaran da aka fara karewa tun suna ƙanana, tabon da muka samu a jikinsu bai kai na yayyensu ba lokacin da suke shekaru ɗaya da su. Adadinsu kaɗan ne, kuma shekara goma ba ta isa a yanke hukunci kan cutar da take ɗaukar shekara ashirin kafin ta bayyana ba. Da muka wallafa sakamakon na sa sunansa cikin marubuta. Na kai masa takardar, ya laluba har ya gano sunan, don ya san yadda ake rubuta shi da boko, ya ce an rubuta Sha'aibu ba daidai ba. Gaskiya ya faɗa.

Akwai wata rana a wani ƙauyen Doguwa da muka tarar da wata mata, Kaltume, ta shimfiɗa jaririyarta zabiya a tsakar gida cikin rana. Tsofaffi sun ce mata haka za ta yi baƙi. Ni na fara faɗa. Malam Sha'aibu kuwa sai ya nemi izinin maigida ya tsuguna, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata damtsensa mai tabo da ɓawo.

"'Yata, shekara arba'in na yi ina shanya tawa. Kin ga ta yi baƙi?"

Ta ɗauke yarinyar ta shige ɗaki. Sunanta Humaira, tana aji biyu a firamare yanzu, kuma har zuwan da muka yi na ƙarshe ban sami tabo ko ɗaya a jikinta ba.

A ƙarshen shekarar 2023 Malam Sha'aibu ya fara naɗa mayafi a wuya. Sau uku muna fita tare, na duba kowa ban duba shi ba, don na daina ganinsa a matsayin marar lafiya. Wannan sakacina ne, kuma na san abin da ya jawo. Matarsa Hasiya ce ta aiko Habu ya gaya mini cewa wata biyar ke nan yana da kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta yi tauri, ta fara fashewa. Na je gidan washegari. Da na gama dubawa na tambaye shi dalilin ɓoyewa, shi da ya fi kowa sanin abin da jinkiri yake yi.

"Likita, shekara tara ina cewa mutane su rufe jiki su tsira. In suka ga ni ma ta kama ni, wa zai ƙara saurara?"

Na ce masa abin da ke wuyansa ba na waɗannan shekaru tara ba ne. Ranar da ya sha tun yana rarrafe har ya kai arba'in ita ce ta bar masa shi. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce, "To ai wannan ya kamata su ji."

A taron watan da ya biyo baya a Tudun Wada, gaban iyaye kusan saba'in, ya tashi ya kwance mayafin. Wasu mata suka kau da kai. Ya ce su duba da kyau. Ya ce wannan aikin ranar yarinta ne, lokacin da babu wanda ya sani, kuma su yanzu sun sani. Ya kuma ce ya ɓoye wata biyar, kada kowa ya yi koyi da shi a nan. A ranar mutum shida suka nuna mana gyambon da suke ɓoyewa. Huɗu daga ciki sankara ce da ba ta yi nisa ba, an yanke, suna nan da rai.

Tasa ta riga ta yi nisa. An yi masa tiyata sau biyu, ya jira layin gashi da na'urar ƙona sankara wata uku, aka yi, ciwon ya lafa sannan ya dawo. Daga watan azumin bana bai ƙara fita ba. Muryarsa ta dushe, sai Hasiya ta kara kunne ta faɗa mana abin da ya ce.

Na isa gidan bayan azahar ranar da ya rasu, ina zaton an riga an kai shi. Na tarar an yi masa wanka da sutura, amma mutane suna zaune a rumfuna. Habu ya ce wasiyya ya bari, kuma liman ya amince: in ya rasu da rana, a jinkirta sallarsa zuwa bayan la'asar, domin 'yan'uwansa zabiyoyi za su zo, kuma maƙabartar garin ba ta da inuwa. Haka aka yi. Sun zo daga ƙananan hukumomin nan huɗu, sun cika sahu biyu, aka rufe shi rana ta yi sanyi.

Malam Sha'aibu, ka koya mini sashen aikina da makaranta ba ta koya mini ba, kuma ban duba wuyanka a kan lokaci ba. Ina roƙon Allah ya yafe mini, ina fatan kai ma ka yafe.

Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da yayarsa Delu da iyayensu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Hasiya da 'ya'yansu biyar, da ƙaninsa Habu, da dukkan zabiyoyin Kano ta kudu da iyalansu. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Dokta Mujitaba Ukasha, Kano.