Shanu Marasa Kai

Wurno zuwa Rabah

Ƙarfe biyar na asubahin Litinin munka bar Wurno, ni da Bawa mai jaki. Cikin mangala akwai shanun yumɓu talatin, mun shimfiɗa masu ƙaiƙayi. Yaran ajina na elementare sunka gina su, da su muke tarawa da ɗebewa. Yaron da allo ya gagara, ba shi garke ka ga hisabi.

Abin da yat tashe ni, takarda ce taz zo cewa Baturen makarantu zai soke darasin aikin hannu, wai ɓata lokaci ne. Anka ce yana rangadi a Rabah. Nac ce sai ya gani da idonsa.

Shanun nan ba su da kai. Da munka fara gininsu, liman yac ce wanda duk yas siffanta mai rai, ranar gobe sai ya hura masa rai. Iyaye sunka fara janye 'ya'yansu. Munka shirya da liman kan a gutsure kawunan, don abu maras kai ba mai rai ba ne.

Mil goma sha biyar, mun isa da azahar. Mai gadin bariki yac ce, "Malam, kun makara. Tun jiya ya yi Goronyo." Munka kwana a zauren wani maƙeri, munka sha furar kwabo.

Rabah zuwa Goronyo

Kwana biyu a hanya. A wani rafi jaki yat turje, sai da Bawa yaɗ ɗauki mangalar a ka. Yac ce, "Malam, mi kaka wahala haka don laka? Ko nono sukai?" Ban da ƙarfin dariya.

Alhamis, ƙarfe goma, anka shigar da ni gaban Bature. Naj jera shanun bisa tabarma. Yaɗ ɗauki ɗaya, yaj juya ta, yay yi magana. Tafinta yac ce, "Ya ce mi yas sa ka kawo masa fasassu?"

Nac ce, "Ranka ya daɗe, ba fashewa sunka yi ba. Haka anka yi su."

Naf fara bayanin liman. Tafinta yat tsuke maganata duka cikin kalma uku, ban san mi yaf faɗa ba. Bature yay yi murmushi irin na tausayi, yar rubuta wani abu, yad duba agogo. Ko kirga su bai yi ba. Tafinta yar raka ni ƙofa yac ce, "Ka yi haƙuri, an soke." Wallahi da zagina yay yi da ya fi mini sauƙi.

Goronyo zuwa gida

Asabar da la'asar munka shigo Wurno. Na gode wa Allah da yam maido mu lafiya, na gode wa Bawa da maƙerin Rabah. Yara na jirana bakin makaranta. Sun ga labarin a fuskata.

Sai Umaru, babbansu, yat tona gindin darni yaf fiddo wata tsohuwar ƙwarya. Kawunan ne, duk talatin, da ƙahonninsu. Ashe ba su yar da su ba.

Yac ce, "Malam, da ka hwaɗi muna, ai da ka tai da su."