Ƙunshi Biyu na Mati Mai Agashe

Har yau, duk wanda ya sayi agashe a wurin Mati, kafin ya karɓi ƙunshinsa sai ya ɗaga gira ya ce, "Mati, duba da kyau. Wanga shi ne nawa?" Tambayar tana da asali.

Wata la'asar ce, a shekarar da mutane suka yi ta kwararowa daga wajen Damazin saboda faɗa. Mati yana tsaye gaban tukubarsa a mashigin kogi, kusa da garin Abu Na'ama, ya naɗe ƙunshi biyu a takardar jarida iri ɗaya. Na farko tsoka ce zalla, ta sha ƙuli da yaji da lemun tsami, na taubashinsa Haj Abdussalami mai lambun ayaba. Na biyu huhu ne da tumbi, babu yaji ko ƙanƙani, an daka ƙwayar maganin tsutsar ciki an cuɗa a ciki. Wannan na wani kare ne. Ladan ya kira salla, Mati ya yi sauri, hannun dama ya miƙa abin da hagu ya kamata ya miƙa.

Karen ya cinye tsokar Haj yana atishawa, hawaye na zuba, bai bar ko albasa ba. Haj kuwa ya aiko da yabo: naman yau ya yi taushi, sai dai an yi rowar yaji. Washegari ba a gan shi a kasuwa ba. An ce ya wuni yana kai-komo tsakanin ɗaki da bayan gida.

Mati ba likitan dabbobi ba ne, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Yana saurayi ya yi shekara biyar yana riƙe wa masu allurar shanu ƙaho da ƙafa, daga nan ya san yadda ake duba dasashi, da cire kaska, da ɗaure karaya. Da ya gaji tukubar mahaifinsa sai ya lura da wani abu. Masu kwana a rumfunan mashigi, waɗanda ba su da ɗaki ba su da dangi a kusa, in ya ba su nama sadaka ba sa ci. Sai su juya baya su ba dabbar da ke biye da su. Maliki, wanda ke kwana cikin tsohon kwalekwale, ya taɓa wuni da yunwa don kyanwarsa mai ido ɗaya ta ƙoshi. Tun daga lokacin Mati yake ƙunshi biyu: ɗaya na mutum, ɗaya na abokin kwanansa. In ya je Sinja sayen kayan yaji, ya biya kantin maganin dabbobi. Matarsa Mero takan ce aljihun rigarsa ya fi asibiti wari.

Karen da ya ci tsokar Haj sunansa Damana, na wani dattijo ne, Sodangi. Su biyu suka iso da ƙafa daga kudu. Sodangi ba ya ba da labarin abin da ya baro, abu ɗaya kawai ya taɓa faɗa wa Mati: "Mu bakwai munka fito gida. Ni da shi munka iso." Suna kwana gindin wata gawo, Damana ya ɗora haɓa a kan ƙafar maigidansa.

Bayan wata biyu da musayar ƙunshi, wani kare mai hauka ya ciji yaro a ƙauyen gaba. Mota ta zagayo da lasifika: ranar Asabar za a kashe duk karen da ba shi da mai shi. Wanda ke son nasa ya kai shi a yi masa allura, a ba shi kati, ya tsare shi a cikin gida.

Mati ya ja Damana da igiya, Sodangi na biye, har wurin ma'aikacin allura. Aka yi allura lafiya lau. Sai ma'aikacin ya ɗauki biro.

"Sunan mai kare?"

"Sodangi."

"Gidansa?"

Sodangi ya nuna wajen kogi da haɓa.

"Gindin gawo, ya ustaz," in ji Mati. "Ta biyu daga mashigi."

Ma'aikacin ya yi murmushi, ba na mugunta ba. "Malam, gawo ba gida ba ce. Kare in ba katanga a bayansa, masu bindiga ba za su tsaya karanta kati ba."

Mati ya shiga nema wa karen mafaka, ya fara da gidansa. Mero ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta nuna masa tsakar gidan: tabarmar gyaɗa a shanye, kaji goma sha ɗaya, tukunyar ƙuli. "Nuna mini inda zai kwanta, Malam. In ka samu, ni ma ina so in miƙe ƙafa." Gaskiyarta ce, Mati bai yi musu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya naɗe ƙunshi guda, ya shinshina shi sau biyu, ya nufi lambun Haj Abdussalami. Lambun yana da shinge, yana da bukkar mai gadi wadda ba kowa a ciki tun bara.

Haj ya karɓi ƙunshin da yatsa biyu. "Bawana, yau kuma mi ka zuba? Maganin kaska?"

"Ubangijinka dai. Ci, ba a maimaita alheri sau biyu." Ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Kare? A lambuna? La, la, ya zol! A'a, mutumina. Kai dai ka tashi."

"Haj, ba kowane kare ba. Wanga kun haɗa akushi da shi. Ka ci rabonshi, ya ci naka. Ka sha maganinshi, har yau bai zo ya tambaye ka ba. Wanda kunka yi haka da shi, ka bari a harbe shi gobe?"

Haj ya yi dariya har ya ƙware. Da ya natsu ya ce, "To wa zai riƙe shi? Ni ba ni taɓa kare."

"Yana da mutum nashi. Tare suke zuwa, kamar buta da murfi."

A daren Asabar Damana yana cikin lambun Haj da ransa. Katinsa yana rataye a ƙusa cikin bukka, an rubuta "lambun Abdussalami". Sodangi ya share ƙofar bukkar, ya shimfiɗa buhu biyu, babba da ƙarami. Mutanen mashigi suka ce ba su taɓa ganin kare ya samo wa maigidansa ɗaki ba sai wannan. Birai kuma suka daina yi wa ayabar Haj ɓarna, ko da yake Haj ya ce wannan addu'arsa ce.

Mati yana nan, gemu ya yi fari, ƙunshi biyu bai fasa ba. Sai dai yanzu na dabbobi yana ɗaure shi da jan zare, dabarar Mero ce. Kwanan baya Haj ya zo mashigi, jama'a na zaune ana shan shayi, ya ɗaga ƙunshinsa sama ya ce, "Ku shaida, wanga mutum ya taɓa ɗura mini maganin kare!"

Mati bai ɗago daga tukuba ba. Ya juya tsinken nama ya ce, "Shekara ashirin ina ba da maganin nan, Haj. Duk wanda ya sha ya warke, ya kaɗa mini wutsiya. Kai kaɗai nake jira."