Wutar da Kaka ke hurawa ranar Juma'a

A gidanmu na Bolori, duk ranar Juma'a kafin rana ta faɗi sai Kaka ta hura wuta. Da damina ta hura a ƙarƙashin rumfa, da bazara ma ta hura, lokacin da zafin Maiduguri ke sa mutum ya yayyafa wa tabarma ruwa kafin ya kwanta. In muka yi ƙorafi sai ta ce ƙasusuwanta ne ke jin sanyi, mu jira mu tsufa mu gani. Ba ma ja da ita, domin inda wutar take, nan tatsuniya take.

Akwai wata 'yar ƙabilar Ibo da ke haya a ɗakin da ke kusa da zaure, muna ce mata Maman Obi. Atamfa take sayarwa. Kullum rigarta har wuyan hannu, zaninta har idon sawu, ɗankwalinta kuma a ɗaure tam, ko silin gashi ba ya leƙowa. A unguwa wasu sun ɗauka Kirista ce, wasu sun ce ta musulunta. Mu 'yan gida kaɗai muka san addinin Yahudawa take bi. Tun ranar aurenta ba namijin da ya ga gashinta sai mijinta, shi kuma ya rasu. Daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa faɗuwar ranar Asabar ba ta ciniki, ba ta kunna wuta, kuma addininta bai yarda ta roƙi wani ya kunna mata ba. Sai dai ta ajiye tukunyarta a gefen murhun Kaka tun da sauran rana, ta shiga ɗaki ta kunna kyandir biyu ta yi addu'arta, sannan ta fito ta zauna da mu.

Baffa Sabo, ƙanin mahaifina, shi ke fara sa hannu a tukunyar. Yana ce mata Yaya, tana ce masa acici. Ni kuwa a lokacin ba wanda nake so kamarsa. Shi ke ɗora ni a wuya in za mu kallon jirgin sama a Gomari.

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ba shi da rabo," in ji Kaka.

"Ta zo mu ji ta."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta baƙuwar da ta fito daga cikin tafki. Ta sauka a gidan wani masunci, ta shaida wa mutanen gidan cewa ruwan tafkin a cikin gashinta yake, muddin yana rufe rijiyar garin ba za ta ƙafe ba. Sarki ya ji ƙishin-ƙishin, ya kira masuncin ya yi masa tayin doki, ya ƙi. Ya kira matarsa da tayin murjani, ta ƙi. Ya kira ɗan autan gidan, yaron ya ce shi dai ya san baƙuwarsu ta iya miya. A nan Baffa Sabo ke bugun ƙirji ya ce shi ne autan, mu yi ta dariya. Maman Obi ma takan yi dariya, hannunta a kan ɗankwali.

Shekarar da Baffa ya tashi aure, ba ɗakin da zai sa amarya. Ya yi wa Kaka maganar ɗakin kusa da zaure, ta ce ba ta korar marainiyar Allah don gadon amarya, ya jira a yi gini. Bai sake tayar da zancen ba. Ya ci daga tukunyar a wannan Juma'ar kamar kullum. Bayan kwanaki sai magana ta fito daga majalisar mai shayi, wai akwai Bayahudiya a gidanmu, tana tsafi da kyandir, kuma abin tsafin a cikin gashinta take ɓoye shi.

A bakin famfo aka tare ta. Wata mata ta fizge ɗankwalin a gaban 'yan garuwa da masu wucewa. Ba komai a ciki sai kitso da furfura. Maman Obi ta shigo gida da roba kife a kanta, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a gaban Kaka ta ce, "Iya, kyandir ɗina a cikin ɗaki nake kunnawa. Wa ya san da shi a waje?"



Washegari Juma'a ce. Kaka ta hura wuta, ta aika a kira Baffa, ta ce ya zauna. Maman Obi ba ta fito ba. Aka fara tatsuniyar baƙuwa kamar yadda muka saba, har aka zo kan ɗan auta. Sai Kaka ta ce wannan karon Sarki bai ma kira shi ba, shi ya kai kansa fada. Aka yaye kan baƙuwa, ruwa ya kwarara ya koma tafki da ita, rijiya ta ƙafe. Na ce ba haka take ba, Kaka ta manta.

"Ban manta ba, Habu. A da haka nake zaton take." Ta dubi Baffa. "Ƙurunƙus. Tashi ka je ka auna ɗakinka."

Ranar Lahadi Maman Obi ta ɗaure kayanta, ita da ɗanta Obi suka nufi tasha. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Juma'ar da ta biyo baya rana ta faɗi murhu na nan a sanyaye. Na tambayi Kaka ƙasusuwanta fa? Ta ce sun warke. Sai a ranar na gane ba ta taɓa jin wani sanyi ba.

Yanzu na yi furfura, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, kuma wannan ne labarin da na fara so in ga na rubuta da hannuna. Na daɗe ina ɗora laifin a kan matar bakin famfo. Amma ita ba ta taɓa cin abincin Maman Obi ba, ba ta taɓa ce mata Yaya ba. Baƙo ba ya cin amana, domin ba shi aka ba wa ba.

Baffa Sabo yana raye, ya tsufa a cikin ɗakin nan. Nakan kai masa goro da sabulu, in durƙusa in gaishe shi. Sau ɗaya na taɓo masa zancen, ya ce ai magana ce kawai ya yi a wajen shayi. Wani lokaci yakan riƙe hannuna ya ce in zauna mu yi hira, me ke damuna. Sai in ce lafiya lau, Baffa, in tashi.