Tabarau a Goshin Kawu Sanda

Duk wanda ya san Kawu Sanda a Gaya ya san tabaran nan. Kullum yana goshi, bai taɓa sauka kan hanci ba. Ka miƙa masa takarda, sai ya jujjuya ta, ya mayar maka: "Karanta mini, yau idona ba ya so." Shekara goma sha ɗaya ina karanta masa, ban taɓa tambayar kaina wace rana ce idon ke so ba. Ni da ake ce wa Madam, ina koyar da ɗiyan mutane a lakwal, makarantar boko ta Tanda!

Ku da kuka tashi da ƙananan littattafan Zali da Sido, yaran nan masu gano ɓarayin kasuwa, kun san sunan da ke bango: Baba Mai Fitila. Duk gari an ɗauka Kawu ne. To yau zan fasa ƙwai, rabinsu ni na rubuta.

Ranar da ya ɗora ni kan aikin, sai da ya rufe shagonsa na kayan gyaran kamyo, manyan motocin kaya, ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ko mijina. Na ce to sunana fa, Kawu? Ya ce, "Ɗiyata, suna babbar riga ce. Shige ciki ki yi shiru." Shi zai ba ni farkon labari da baki, in rubuta, in kawo in karanta masa. Shafin ƙarshe kuwa, inda ake kama ɓarawo, ya ce nasa ne, kada in kuskura. Sauran littattafan da ba nawa ba, na ɗauka shi ke zama ya rubuta.

Rowar takarda kuwa, sai dai a bar wa Allah. Bai taɓa sayo mini kaye na rubutu ko ɗaya ba, a bayan tsofaffin takardun lodin direbobi nake rubutu. Rannan mai buga mana a Dosso ya haɗa gaba da baya. Ana tsakiyar bin sawun ɓarawo, sai ga "albasa, kamyo biyu, zuwa Malanville". Na zo a guje kamar in haɗiye zuciya. Kawu ko a jikinsa, wai a bar shi, yara za su ɗauka alama ce. Wallahi wata guda suna sintiri wajen masu albasa.

Ga kafiya. Ɓarawo ba ya zama ɗan Gaya, ko da wasa. Na taɓa ɗora sata kan wani tela, ya ce in soke, gobe zai haɗu da uwarsa a kasuwa. Na ce Kawu, ƙirƙirarsa na yi, ba shi da uwa. "To kin ga maraya ne ma. Ba ki jin tsoron Allah?" Akuya muka ɗora wa.

Abin sunan nan dai ya ci mini rai, ban ɓoye ba. Duk littafi sai na roƙa, ko a ƙasa ne da ƙananan haruffa, duk littafi sai ya hana. Haushin sai in sauke kan nasa. In zauna gida in ce wa mijina Abdu, wanda 'yan lakwal ke ce wa Mushe, wannan na Kawu lami ne, ba gishiri. Sai in ga ya tashi bai gama tuwo ba, in ce ko ciwon cikinsa ne.

Da Kawu ya rasu, ranar sadakar uku, Inna Hajo matarsa ta kira ni ɗaka. Na tarar da Abdu zaune. Ta ce rantsuwa ta faɗi tunda mai ita ya tafi, mu kalli juna. Na kalle shi, ya sunkuyar da kai.

"Kai ne mai lamin?"

"Ni ne. Ke ce ta albasa?"

Innalillahi. Gado ɗaya, kwano ɗaya, kowa na ɓoye bik ɗin rubutunsa a ƙarƙashin katifa. Ban gama farfaɗowa ba Inna ta ce shafin ƙarshe nata ne, tun littafin farko. Kawu bai taɓa shiga lakwal ba, ko sunansa bai iya karantawa a boko. Ta miƙo mini tabaran na saka. Ko gilashin taga ya fi shi magani.

Na yi dariya har na zauna ƙasa, daga nan sai kuka. Mutumin da bai san baƙi ɗaya ba ya sa yaran gari guda suna ƙwace littafi a hannun juna. Kuma shi ma sunansa bai taɓa hawa bango ba.

Da mai bugawa ya kira yana tambayar sunan wa zai saka yanzu, Inna da Abdu suka zuba mini ido. Na ce ya bar rigar yadda take, muna ciki.

Allah Ya jiƙan Kawu Sanda, Ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah Ya ba shi nasa a hannun dama, Ya buɗe masa ido ya karanta da kansa.